Tambaya da Amsa: Shirin Kwana a Tanti Lokacin Kaka

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan shafi a 'yan makonnin nan a kan magana ɗaya suke, wato yadda mutum zai shirya wa fita daji ya kafa tanti ya kwana a lokacin kaka. Kakar da ake nufi ita ce ta ƙasashen da shekararsu ta kasu kashi huɗu, wadda takan faɗo daga Satumba zuwa Nuwamba a arewacin duniya, daga Maris zuwa Mayu kuma a kudancinta. Mun zaɓo wasu daga cikin tambayoyin, mun taƙaita waɗanda suka yi tsawo, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne, kuma ban taɓa kwana a tanti ba. Abokaina sun gayyace ni fita ta kwana biyu a tsakiyar Oktoba, sun ce kayan da suka yi amfani da su a watan Yuli sun isa, tunda har yanzu rana tana da ɗumi. Shin in bi maganarsu?

Amsa: Ɗan'uwa, abokanka sun dubi rana sun manta da dare, alhali kuwa daren shi ne abin da ake yi wa shiri. Tun daga ranar 22 ko 23 ga Satumba, lokacin da dare da yini ke daidaita, dare yake fara fin yini tsawo a arewacin duniya, kuma gwargwadon yadda wuri ya yi nisa can arewa, gwargwadon saurin da yininsa ke gajarta. Ƙasa takan sha zafin rana da yini, ta sake shi da dare, to idan dare ya yi tsawo sai ta saki fiye da abin da ta sha. Wannan ya sa mutum zai iya yini da riga mara nauyi, amma kafin gari ya waye raɓa ta daskare a kan tantinsa. Daren da sama ta yi garau, taurari suka fito tar, babu gajimare babu iska, shi ne ya fi sanyi, domin gajimare ne ke tare ɗumin ƙasa ya hana shi tashi; kuma sanyin yakan kai matuƙa ne da asuba, gab da fitowar rana.

Saboda haka idan ka buɗe hasashen yanayi, adadi mafi ƙanƙanta na dare za ka duba. Ka kuma tuna cewa hasashen na garin da ya fi kusa ne, wurin da za ku yada zango kuwa mai yiwuwa ya fi garin tudu. A ƙiyasi, duk hawan mita 1,000 yana rage wajen digiri 6.5 a ma'aunin Salsiyos. Idan an ce daren garin zai sauka zuwa digiri 6, ku kuma zangonku ya fi shi tudu da mita 800, to ka sa ran wajen digiri 1. Shawarata ita ce ka sake rage digiri 5 daga wannan lissafi, ka shirya wa abin da ya rage, domin bargon da ya yi yawa ana iya yaye shi, wanda aka bari a gida kuwa ba ya amfanar kowa.

Sai batun duhu. Ku tsara tafiyarku yadda za ku isa da aƙalla sa'a biyu kafin faɗuwar rana, kuma ku binciki lokacin faɗuwarta na ranar da za ku fita, musamman idan tafiyar ta kusa lokacin mayar da agogo baya da sa'a ɗaya, wanda ake yi ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba a yawancin ƙasashen Turai, da Lahadin farko ta Nuwamba a yawancin Amurka. Kowa ya riƙe fitilarsa, zai fi kyau irin wadda ake ɗaurawa a goshi don hannu biyu su sami yin aiki. Tantin kuma ka kafa shi sau ɗaya kafin ranar fita, ka ƙirga turakunsa, ka duba igiyoyinsa da ɗinkinsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya: Malam, na sayi jakar barci, irin wadda mutum ke shiga cikinta ya kwana, wadda aka rubuta digiri 10 ƙasa da sifili a jikinta, amma a daren da sanyi bai wuce digiri 4 sama da sifili ba, na kwana ina rawar ɗari har gari ya waye. A kan katifar nan da ake hura wa iska na shimfiɗa ta. Cutata aka yi, ko kuwa ni ce ban iya amfani da ita ba?

Amsa: Malama, ki ɗauko jakar ki sake duba takardar da ke ɗinke a jikinta, ina kyautata zaton za ki ga adadi uku ne, ba ɗaya ba. Akwai ƙa'idar gwaji ta ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 23537, wadda ta fito a 2016 ta maye gurbin ta Turai mai lamba EN 13537 ta 2002. Yadda ake gwajin shi ne, a sa mutum-mutumin da aka ɗumama, mai ɗauke da na'urorin awo, a cikin jakar a ɗaki mai sanyi, a auna yawan ɗumin da ke zurarewa. Adadi na farko shi ne sanyin da matsakaiciyar mace za ta iya barci a cikinsa a sake. Na biyu shi ne iyakar da matsakaicin namiji zai iya barci a ƙudundune. Na uku kuwa ba na barci ba ne sam. Yana nuna sanyin da mutum zai iya jurewa na kimanin sa'a 6 ya tsira da ransa, kuma ko a haka ɗin yana cikin haɗari. Wasu masu sayarwa wannan na ukun suke rubutawa da manyan haruffa, don shi ya fi jan ido. Jakar da adadinta na uku ya kai digiri 10 ƙasa da sifili, abu ne mai yiwuwa adadinta na farko ya haura digiri 5 sama da sifili, wanda ya yi daidai da abin da ya same ki. Da na farkon za ki riƙa yin lissafi, kuma namiji ma da ya san kansa da jin sanyi gara ya yi haka.

Sai dai ina ganin rabin laifin na katifar ne, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Jakar barci ba ta haifar da ɗumi, iskar da ke tsare a cikin kumburinta ce ke riƙe ɗumin jikin mai ita. Ɓangaren da mutum ya kwanta a kai yakan danne ya zama falle, iskar ta fice, sai ya rage ba abin da ke tsakaninsa da ƙasa illa shimfiɗarsa. Katifar iska wadda ba a sa mata komai a ciki ba, iskar cikinta takan yi ta zagayawa, ta ɗauko ɗumin bayanki ta kai wa ƙasa, ta dawo miki da sanyi, haka har safiya. Shimfiɗun tafiya na kirki suna ɗauke da wani adadi da ake rubutawa da harafin R, wanda ke nuna ƙarfinsu na tare sanyin ƙasa, kuma akwai ƙa'idar auna shi mai lamba ASTM F3340 tun 2018. Na 1 zuwa 2 na daren ɗumi ne. A kaka ana son 3 zuwa 4. Inda ake sa ran daskarewa sosai kuwa, 5 ko fiye. Abin daɗin shi ne adadin yana haɗuwa: idan kika ɗora siririyar tabarmar soso mai tauri, wadda yawanci takan kai wajen 2, a kan katifar da kike da ita, kin ƙara 2 ɗin a kan na katifar ba tare da kin sayi sabuwa ba.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke sauya dare gaba ɗaya. Ki warware jakar ki kakkaɓe ta tun da aka kafa tanti, don ta kumbura kafin lokacin kwanciya. Ki ci abinci mai ɗumi mai ɗan maiƙo kafin ki kwanta, domin da shi jiki zai yi ta hura wutarsa. Ki sa busasshiyar safa da hular sanyi. Ki zuba ruwan zafi a gora mai jure zafi mai ƙwaƙƙwaran marfi, ki cusa ta cikin safa, ki ajiye ta tsakanin cinyoyinki ko wajen ƙafafunki. Kada ki cusa hanci da baki cikin jakar, domin tururin numfashi zai jiƙa ta daga ciki. Idan jakar ta gashin tsuntsu ce, ki kiyaye ta daga danshi sosai, domin da zarar gashin ya jiƙe yakan dunƙule ya daina aiki. Wadda aka cusa wa zaren roba ta fi ta nauyi, amma ta fi ta jure danshi.

Tambaya: Malam, ni da maigida muna so mu fita da yaranmu uku, babban ɗan shekara 9, ƙaramar 'yar shekara 3. Na tanadar wa kowannensu ƙatuwar rigar sanyi. Da sauran abin da zan ƙara?

Amsa: Uwar gida, sannu da ƙoƙari. Ƙatuwar riga guda ɗaya tana da matsala: yaro ya sa ta ya yi guje-guje ya yi gumi, ya cire ta sanyi ya kama shi, ba shi da tsaka-tsaki. Abin da ya fi shi ne sutura hawa uku. Ta ciki, wadda ke manne da fata, ta ulu ko ta zaren roba, mai janye gumi. Ta tsakiya mai kauri, mai riƙe ɗumi. Ta waje kuma mai tare iska da ruwa. Da haka ana ƙarawa ana ragewa gwargwadon yanayi, kuma dabarar ita ce a rage wa yaro kaya kafin ya yi gumi, a ƙara masa da zarar ya zauna, tun bai fara jin sanyi ba.

Ki nisanci auduga a jikin fata. Auduga takan sha ruwa ta riƙe shi, ta daɗe ba ta bushe ba, ruwa kuwa yana ɗauke ɗumin jiki da saurin da ya ninka na iska wajen sau 25. Mai jiƙaƙƙiyar singileti a yammacin da iska ke kaɗawa ya fi shiga haɗari a kan mai busassun kaya a daren daskarewa. Saboda haka kowane yaro ya kasance yana da kayan barci cikakku, tun daga safa har hula, a ɗaure cikin leda, waɗanda ba za a taɓa su ba sai lokacin kwanciya, komai abin da ya faru da yini. Safa kuma a ninka yawanta, domin ciyawar kaka jiƙe take da raɓa har hantsi.

Yara sun fi manya saurin rasa ɗumi saboda ƙanƙantar jikinsu, kuma idan wasa ya yi daɗi ba sa faɗin suna jin sanyi. Kada ki jira su faɗa. Ki riƙa sa hannu a ƙeyarsu da ƙirjinsu, ki kuma lura da wanda ya yi shiru ba gaira ba dalili. Ƙaramar tana buƙatar jakar barci daidai tsawonta, domin a ta manya za ta iya nutsewa ciki, ga kuma filin da ɗan jikinta ba zai iya ɗumamawa ba. A fitar farko, ina ganin ya fi ku zaɓi zangon da mota ke isa bakinsa, ku kwana ɗaya tak.

Tambaya: Malam, idan dare ya yi sanyi ƙwarai, zan iya shigar da murhun gas ko garwashin da ya rage bayan girki cikin tanti don ya ɗumama mana wuri? Zan ɗan buɗe ƙofa.

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kuma ina roƙonka da babbar murya kada ka gwada ko sau ɗaya. Duk abin da ke ci da wuta, gas ne ko kananzir ko gawayi, yana fitar da iskar kabon monoksaid idan bai sami isasshiyar iska ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana manne wa sinadarin jini mai ɗaukar iskar shaƙa da ƙarfin da ya ninka na iskar shaƙar fiye da sau 200, sai jini ya yi ta zagayawa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata. Alamunta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, waɗanda matafiyi zai ɗauka gajiyar hanya ce, mai barci kuwa ba zai ma ji su ba. Garwashi ya fi yaudara, domin ko ya daina hayaƙi, toka ta rufe shi har ana ganin ya mutu, yana ci gaba da fitar da wannan iska na sa'o'i. Mutane sun rasa rayukansu ta wannan hanya a cikin tanti, kuma ɗan buɗe ƙofa ba kariya ba ce. Ga kuma gobara: yadin tanti na roba ne, yana narkewa ya ɗiga a jiki. A yi girki a waje, nesa da tanti. Idan wani ya tashi da waɗannan alamu bayan an kunna wuta kusa da shi, a fitar da shi sarari nan take, a nemi likita ko da ya ce ya ji sauƙi.

Tambaya: Malam, ba a yi ruwa ba, amma na farka na tarar da cikin tantina sharkaf, har yana ɗiga. Yoyo yake yi?

Amsa: Da wuya a ce yoyo ne. Tururin numfashinka ne da na jiƙaƙƙun kayan da ka shigar, ya tashi ya tarar da yadi mai sanyi ya koma ruwa, kamar yadda ake gani a cikin marfin tukunya. Yawancin mutane idan sun ji sanyi sukan toshe duk wata kafa, wannan kuwa shi ke tsananta abin. Ka bar tagogin iska na sama a buɗe ko da ana sanyi, ka ɗaure rufin waje tamau yadda ba zai taɓa yadin ciki ba, ka bar takalma da rigar ruwa a ƙarƙashin rumfar ƙofa. Idan ka shimfiɗa tamfol a ƙarƙashin tanti, ka naɗe gefensa ciki kada ya leƙo, in ba haka ba zai tara ruwan sama ya kai shi ƙarƙashinka. Da safe ka goge cikin da ƙyalle, kuma da ka koma gida ka shanya tantin ya bushe ƙayau kafin ka naɗe shi, don kada ya yi fumfuna.

Tambaya: Murhuna na gas yana ci da kyau da yamma, amma da asuba sai wutar ta yi rauni alhali gwangwanin bai ƙare ba. Me ke kawo haka?

Amsa: Sanyi ne. Gas ɗin da ke cikin gwangwanin, wanda ake kira butan, yana daina zama tururi a wajen rabin digiri ƙasa da sifili, kuma tun kafin a kai nan ƙarfinsa ke raguwa, ga shi gwangwanin kansa yana ƙara hucewa yayin da ake amfani da shi. Ka nemi wanda aka gauraya da aisobutan, mai jurewa har wajen digiri 12 ƙasa da sifili, da furofen, mai jurewa har wajen 42 ƙasa da sifili. Kafin girkin safe ka sa gwangwanin cikin rigarka na ɗan lokaci, ka kuma ɗora shi a kan katako maimakon ƙasa. Kada ka kusantar da shi ga wuta don ɗumama shi. Batir ma haka yake raunana a sanyi, don haka waya da fitila su kwana cikin jakar barcinka.

Tambaya: Malam, mun ga wani fili mai kyau a cikin kwari, bakin rafi, ƙarƙashin manyan bishiyoyi. Muna ganin can ya fi dacewa don iska ba ta kai wa wurin.

Amsa: Wurin yana da kyan gani, amma abubuwa uku da kuka lissafa kowannensu yana da aibi a kaka. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka da dare takan gangaro ta taru a ƙasan kwari, inda hazo da daskarewa ke fara sauka. Hawa 'yan mitoci kaɗan a gefen tudu yakan kawo bambancin da jiki zai ji. Bakin rafi yana ƙara danshi, kuma ruwan da aka yi can nesa a kan duwatsu yana iya cika rafin cikin dare ba tare da ko ɗigo ya sauka a kanku ba. Masu kula da dazuzzuka a wurare da yawa suna son a ja baya daga ruwa da wajen mita 60, don kare ruwan daga ƙazanta da kuma barin dabbobi su sha. Game da bishiyoyi kuwa, ku ɗaga kai ku duba kafin ku kafa turke ko ɗaya: busasshen reshe da ke rataye, ko bishiyar da ta mutu a tsaye, iskar kaka tana iya karyo su, kuma idan ganye ya zube, rarrabe matacce da rayayye yana buƙatar duba na tsanaki. Ku nemi wuri mai ɗan tudu wanda ruwa ba ya kwanciya a kansa, ku juya wa iska bayan tanti, kuma idan da hali ku fuskanci gabas don hasken safe ya busar muku da raɓa da wuri.

Tambaya: Malam, mahaifina ya haura shekara 70, yana da son fita daji tun yana saurayi, kuma ya dage sai ya bi mu. Ta yaya zan gane sanyi ya fara yi masa illa, kuma me zan yi?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri da ka yi wannan tambaya tun kafin tafiya. Zafin jikin mutum yana wajen digiri 37, kuma idan ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba sai an yi ƙanƙara hakan ke faruwa ba. Ruwan sama da iska da gajiya da yunwa idan suka haɗu, suna iya kayar da mutum a yanayin da bai kai ga daskarewa ba, kuma irin wannan haɗuwa ita ce ta kaka. Tsofaffi sun fi shiga haɗarin, domin jikinsu ba ya saurin haifar da ɗumi, ba su kuma cika jin sanyin da wuri ba. Idan Baba yana da ciwon suga ko na zuciya, ko yana shan magani kullum, a fara jin ta bakin likitansa.

Alamun sukan zo a hankali. Da farko rawar ɗari da ba ta tsayawa. Sai hannu ya fara kasa ƙananan ayyuka: ka ga mutum yana ta fama da maɓalli ko igiyar takalmi, abu yana suɓuce masa. Sai tuntuɓe, sai magana ta fara sarƙewa, sai ruɗewa da rashin kula da abin da ke faruwa. Wanda abin ya kama yakan ce lafiyarsa ƙalau, don haka hukuncin yana hannunka. Idan rawar ɗarin ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, ga kuma barci yana fizgarsa, to abin ya yi tsanani.

A kai shi inda iska da ruwa ba sa taɓa shi, a cire masa jiƙaƙƙun kaya a sa busassu, a raba shi da ƙasa da shimfiɗa mai kauri, a rufe shi har kai ban da fuska. A fara ɗumama ƙirji da wuya da hammata da gorar ruwan ɗumi da aka naɗe a ƙyalle. Idan yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi abin sha mai ɗumi mai zaƙi. Barasa kuwa ƙara zubar da ɗumin jiki take yi. Kada a mummurza masa hannu da ƙafa, kada a tsoma shi a ruwan zafi, a kuma ɗauke shi a hankali, domin zuciyar da ta yi sanyi tana iya rikicewa da jijjiga. Da zarar an ga ruɗewa, a kira masu agajin gaggawa ba tare da jiran safiya ba.

Tambaya: Malam, tunda lokacin zafi ya wuce, ina ganin an huta da ƙwari da fargabar gobarar daji. Haka ne?

Amsa: Sauro yakan ragu, amma kaska tana nan cikin ciyawa da tarin ganye muddin ba a daskare ba, kuma a sassan Turai da Arewacin Amurka da Asiya wasu nau'o'inta suna yaɗa cutar Laim. A cusa ƙafar wando cikin safa, a duba jiki kowace yamma, musamman hammata, bayan gwiwa da cikin gashi. Idan an same ta, a kama ta da hantsaki daf da fata, a ja a hankali a miƙe, ba tare da murɗawa ko ƙona ta ba. Idan jan tabo mai faɗaɗa ko zazzaɓi ya biyo baya, a ga likita. Kaka kuma lokacin tsirowar laimar kwaɗi ce, wasu nau'o'in suna lalata hanta, kuma alamun gubarsu ba sa bayyana sai bayan sa'a 6 ko fiye, don haka a hana yara taɓa su. Dabbobi suna neman abin da za su tara kafin hunturu, daga ɓeraye har manyan namun daji, saboda haka abinci da shara ba sa kwana a tanti. A ƙasashe da dama lokacin farauta ne, ya kamata a bincika, a kuma sa kaya masu launi mai ɗaukar ido.

Wuta kuwa, busasshen ganye ba ya buƙatar zafin rana kafin ya kama. A tambayi masu kula da wurin ko an yarda a hura ta, a share kewayenta har ƙasa ta bayyana, kada a bar ta ba mai tsaro. Wajen kashewa a kwarara ruwa, a motsa tokar, a sake kwararawa, har sai an kusantar da bayan hannu ba a ji ɗumi ba.

Tambaya: Mun riga mun ɗauki hutu mun kama wuri, sai ga hasashe yana nuna ruwa da iska mai ƙarfi a daren farko. Abokan tafiyata sun ce fasawa ragwanci ne.

Amsa: 'Yar'uwa, ruwa shi kaɗai ba ya hana fita ga wanda tantinsa ba ya yoyo kuma yana da busassun kayan canji. Amma idan hukumar hasashen yanayi ta fitar da gargaɗin guguwa, ko tsawa, ko ambaliya, to da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma wanda ya fi kowa rauni a cikinku shi ne ma'aunin shawarar. Tanti ba ya kare mutum daga tsawa. Mota mai rufin ƙarfe ko gini su ne mafaka, kuma ana jiran minti 30 bayan rugugi na ƙarshe kafin a fito. Kuna iya jinkirta fitar da kwana ɗaya, ko ku koma zangon da ke ƙasa-ƙasa kusa da hanya. Ku kuma tabbatar wurin yana buɗe, domin zanguna da yawa sukan rufe ko su kashe famfunansu idan kaka ta yi nisa. Idan ruwan rafi za ku sha, a tafasa shi minti 1, ko minti 3 a tudun da ya haura mita 2,000.

Duk abin da kuka yanke, ku bar wa wani amintacce a gida rubutaccen bayani: sunan wurin, hanyar da za ku bi, lambar motarku, yawanku, da ranar dawowa. Ku ɗauki taswirar takarda da usur, tunda waya tana iya rasa sabis ko caji. Ku kuma ayyana wa amintaccen nan takamaiman sa'ar da idan ta wuce bai ji daga gare ku ba, zai kira masu agaji ya karanta musu bayanin da kuka bar masa.